Zauren hira na kai-tsaye a burauza: WebSocket, SSE, da saƙon da ke ɓacewa idan sabis ya ɗauke

Mubarak: Assalamu alaikum, malamai da iyayen gida. Shawara nake nema kan zauren hira da ke aiki a burauza. Ga tsarin: saba ɗaya mai ƙwaƙwalwar 2GB, Node.js na gudanar da kod a baya, PostgreSQL na ajiye saƙonni, Nginx a gaba yana karɓar buƙatu yana miƙa wa Node. Ɗakunan hira suna da dama, a lokacin cunkoso kuma mutum kusan 300 ne a kan layi. A yanzu kowace burauza tana tambayar saba duk daƙiƙa 2 ko akwai sabon saƙo. Abin yana tafiya, amma saba na shan wahala, masu waya kuma suna kukan data da batir. Ina ya kamata a nufa, WebSocket ko wata hanya?

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da lissafin abin da ke hannunka. Mutum 300, tambaya duk daƙiƙa 2, wato buƙata 150 ke faɗo wa saba a kowace daƙiƙa, kuma kusan dukkansu amsarsu ɗaya ce: babu komai. Mutum guda yana aika 1,800 a awa. In ka ƙaddara kowace tafiya da dawowa tana cin kusan 1KB saboda heda da kuki, wato ƙarin bayanan da ke rakiyar kowace buƙata, ya ƙona kusan 1.8MB a awa ba tare da ya karanta ko kalma ɗaya ba. Batir kuma yana tafiya ne don wayar ba ta samun sararin kwantar da bangaren da ke magana da sabis.

Hanyoyin da saba za ta riƙa turo saƙo da kanta uku ne. Akwai doguwar jira, inda burauza ke tambaya saba ta riƙe amsa har sai saƙo ya zo ko daƙiƙa 25 sun cika. Akwai SSE, layin HTTP ɗaya da ke zama a buɗe saba na zubo saƙonni ta cikinsa, amma ta gefe ɗaya kawai. Sai WebSocket, wanda aka daidaita a RFC 6455 a Disambar 2011: yana farawa a matsayin buƙatar HTTP mai ɗauke da `Upgrade: websocket`, saba ta amsa da lamba 101, daga nan layin ya zama na kai da kawo. Ga ɗakin hira, ni WebSocket nake zaɓa.

Malam Bashir: Injiniya, a nan ina da ja. Mutane na ruga wa WebSocket ne don sunansa ya fi fita, amma duba yadda hira take a zahiri: mutum yana karɓar saƙo goma kafin ya rubuta ɗaya. Abin da yake aikawa kaɗan ne, POST na yau da kullum, wato buƙatar HTTP ta aika bayani, ya ishe shi. Karɓa ce ke buƙatar layi a buɗe, kuma aikin da aka yi SSE dominsa kenan.

Ga ribar. `EventSource` na burauza yana sake haɗa kansa idan layi ya yanke, ba sai ka rubuta komai ba. In ka sa wa kowane saƙo filin `id:`, burauza za ta dawo da na ƙarshen da ta gani a cikin hedar `Last-Event-ID`, sai saba ta ɗora daga nan. Tantance mai shiga, kuki, iyakance buƙatu, lambobin kuskure irin 401 da 429, duk suna aiki yadda ka saba, domin HTTP ne zalla. Aibinsa biyu ne. Rubutu kawai yake ɗauka. Sannan a HTTP/1.1 burauza ba ta buɗe fiye da layi 6 zuwa adireshi guda, saboda haka wanda ya buɗe shafin a wurare shida, na bakwai zai tsaya cik. Kunna HTTP/2 a Nginx wannan ta kau, don duk za su bi ta layi ɗaya.

Injiniya Hadiza: Ban musa ba, Malam. In hira ce ta rubutu kawai, SSE da POST sun wadatar, kuma sun fi sauƙin gano inda matsala take. Inda nake rabuwa da kai shi ne ƙananan sigina: wane yana rubutu, an karanta, an shiga ɗaki, an fita. Kowanne ya zama POST mai zaman kansa, alhali a WebSocket kan kowane ƙunshi bai wuce bayit 2 zuwa 14 ba. Amma bari in faɗi abin da ya fi wannan gardamar tamu nauyi, don Mubarak kada ya ɗauka zaɓen layi shi ne aikin.

Layin kai-tsaye mai shela ne kawai. Wanda yake wurin ya ji, wanda ya fita bai ji ba, kuma mai shela ba ya ajiye littafi. Gaskiyar hira tana cikin PostgreSQL. Saboda haka jerin aiki a saba ba ya canzawa: saƙo ya iso, a tantance shi, a rubuta shi a rumbun bayanai, rubutun ya tabbata, sannan a watsa wa 'yan ɗaki. Duk wanda ya watsa kafin ya rubuta, ranar da rubutun ya gaza wasu za su ga saƙon da babu shi a tarihi.

Kowane saƙo kuma ya samu lambar jeri ta ɗakinsa: 1, 2, 3, haka. Burauza ta riƙe lamba ta ƙarshe da ta gani. Idan layi ya dawo, sai ta ce a ba ni duk abin da ya wuce 4,512 a ɗaki kaza. In tana zaune ta ga 4,515 bayan 4,512, ta san akwai giɓi, ta je ta nemo 4,513 da 4,514. Wannan tsarin yana aiki ko WebSocket ka ɗauka ko SSE.

Mubarak: Yaya Hadiza, ai teburin yana da `id` na `bigserial` da ke hawa da kansa. Ba zai yi wannan aikin ba?

Injiniya Hadiza: Nan ne tarkon, kuma ba ya nuna kansa sai an yi cunkoso. PostgreSQL yana raba lambar `bigserial` ne lokacin da aka fara shigar da saƙo a tebur, ba lokacin da aka tabbatar da shi ba. Ɗauki saƙo biyu da suka iso tare. Na farko ya samu 100, na biyu 101. Na biyun ya riga kammalawa. A daidai wannan ƙiftawar wata burauza ta tambaya, ta ga 101, ta rubuta cewa ta kai 101. Sai 100 ya tabbata daga baya. Daga nan duk tambayarta "abin da ya wuce 101" ce, 100 ya ɓace mata har sai ta sabunta shafi. Ban da haka, lambobin suna tsallake idan an fasa rubutu, kuma duk ɗakuna ne ke rabon su, don haka ba za ka iya gane giɓi da su ba.

Magani: sa ma'ajin ƙidaya a teburin ɗakuna. A cikin tiransakshan ɗaya, wato rubutun da ke tabbata gaba ɗaya ko a fasa shi gaba ɗaya, ka yi `UPDATE rooms SET seq = seq + 1 WHERE id = $1 RETURNING seq`, sannan ka shigar da saƙon da wannan lambar. Wannan umarnin yana kulle layin ɗakin a tebur har a tabbatar, don haka saƙonnin ɗaki ɗaya suna shiga bi da bi, sauran ɗakuna kuma ba ruwansu. Ga mutum 300 ba za ka ji nauyin kullen ba ko kaɗan. Ka sa fihirisa a kan `(room_id, seq)`, ka riƙa ɗauko tarihi hamsin-hamsin da `seq < wata lamba ORDER BY seq DESC LIMIT 50`. Kauce wa `OFFSET`, yana ƙara jinkiri yadda tarihi ke tsawo, kuma shafukan suna zamewa idan sabon saƙo ya shigo.

Sadiq: Ranku ya daɗe, duk wannan ba laburaren Socket.IO ya riga ya gama shi ba? Yana da ɗakuna, yana sake haɗi da kansa, yana da amsar tabbatar da isar saƙo. In WebSocket ya ƙi kuma ya koma doguwar jira. Ban ga dalilin sake ƙera abin da aka riga aka ƙera ba.

Malam Bashir: Ya gama rabi, Malam Sadiq. Ɗakuna da sake haɗi da ƙwanƙwasar duba rai, e: a fitowa ta 4 yana ƙwanƙwasa duk daƙiƙa 25, ya jira amsa daƙiƙa 20. Amma a tsarinsa na asali, saƙon da saba ta watsa lokacin da mutum ya yanke ya tafi kenan, ba a ajiye masa. A 4.6 sun ƙara hanyar maido da abin da ya wuce, wadda ke riƙe saƙonni na minti 2 in ba ka canza ba, kuma su da kansu sun ce kada a dogara da ita ita kaɗai. Wanda sabis ya ɗauke masa minti goma a hanya fa? Dole ka koma kan lambar jerin da Injiniya ta faɗa.

Abu biyu kuma da ke rikita masu farawa. Socket.IO ba WebSocket ba ne zalla, yana da nasa yaren a sama, don haka `new WebSocket()` na burauza ba zai iya magana da sabarsa ba. Sannan tunda yana farawa da doguwar jira kafin ya hau WebSocket, ranar da ka sa saba biyu dole buƙatun mutum ɗaya su riƙa komawa saba ɗaya, in ba haka ba za ka ga kuskure 400 mai cewa ba a san wannan zaman ba. Ko ka manne kowa da sabarsa, ko ka sa `transports: ["websocket"]` ka haƙura da doguwar jira.

Sadiq: Na karɓi wannan. Amma ga wanda yake shi kaɗai a kan aiki, har yanzu ina ganin ya ɗauki Socket.IO ya ɗora lambar jeri a kansa, ya fi masa arha da ya rubuta ɗakuna da sake haɗi da hannu a kan `ws`, laburaren WebSocket na Node.

Injiniya Hadiza: Wannan shawara ce mai kyau, ba ni da ja a kanta.

Yaya Ummi: Salamu alaikum. Tunda akwai Nginx a gaba, bari in shigo, don yawancin koken "yana aiki a kwamfutata amma ya ƙi a saba" daga nan yake fitowa.

Nginx ba ya miƙa hedar `Upgrade` da `Connection` da kansa. A wurin da layin ke bi sai ka rubuta `proxy_http_version 1.1`, da `proxy_set_header Upgrade $http_upgrade`, da `proxy_set_header Connection "upgrade"`. In babu su, maimakon 101 za ka ga 400 ko 426. Bayan haka akwai `proxy_read_timeout`, wanda asalinsa daƙiƙa 60 ne: in saba ta yi shiru minti ɗaya, Nginx ya datse layin, burauza ta nuna lamba 1006 ba tare da wani bayani ba. Alamar ita ce layi na mutuwa daidai bayan minti ɗaya a ɗakin da ba a magana. Kada ka tsaya ga ƙara lokacin kawai, ka sa saba ta riƙa aika ping, wato ƙwanƙwasar duba rai, duk daƙiƙa 25 ko 30, domin akwai wasu na'urori tsakaninka da mai waya da su ma ke yanke layin da ya yi shiru, kuma ba ka da iko a kansu.

Ga mai SSE, matsalar daban ce: Nginx yana tara amsa kafin ya sake ta, sai saƙonni su riƙa zuwa a dunƙule bayan jinkiri. Sa `proxy_buffering off`, ko saba ta aiko da hedar `X-Accel-Buffering: no`.

Sai iyakokin adadi. Kowane mai hira yana cin layi biyu a Nginx, ɗaya zuwa gare shi, ɗaya zuwa Node. `worker_connections` asalinsa 512 ne, a ƙunshin Ubuntu 768. Kai da ke da mutum 300, wasu da shafi biyu a buɗe, kana bakin iyaka in ma'aikacin Nginx ɗaya ke gudana. Ɗaga shi zuwa 4096 ko sama, tare da `worker_rlimit_nofile`. Shi ma Node, iyakar fayilolin da Linux ke bari a buɗe yawanci 1024 ce, kuma kowane layi fayil ne a wurinsa. Sa `LimitNOFILE=65535` a fayil ɗin systemd. In ka ga `EMFILE` ko "too many open files" a log, wannan ne.

Mubarak: Allah ya saka da alheri, Yaya Ummi. To idan wayar mutum ta fita daga sabis ba tare da ya rufe shafi ba, saba za ta sani nan take?

Yaya Ummi: Ba za ta sani ba. TCP ba ya kawo labarin wanda ya ɓace shiru. Waya ta koma daga 4G zuwa 3G, ko daga Wi-Fi zuwa data, ko aka ɗauke wuta rauta ta mutu, saba tana ganin layin a buɗe har sai ta yi ƙoƙarin rubutu ta gaza, abin da kan ɗauki mintuna. Shi ya sa ping ke da aiki biyu. A kowane zagaye ka yi wa layi alamar "ban ji ba", ka aika ping, in amsarsa, pong, ta dawo ka goge alamar. Wanda ka tarar da alamarsa a zagaye na gaba, kira `terminate()` a kansa.

Daga bangaren burauza kuwa, tana amsa ping da kanta amma JavaScript ba ya ganinsa, ba ya kuma iya aikawa. Don haka ka ƙara wani ɗan saƙo naka na JSON da saba ke turowa a kai a kai. In shafi bai ji komai ba tsawon daƙiƙa 45, ya rufe layin ya buɗe sabo. Wajen sake haɗi a riƙa ninka jira: daƙiƙa 1, 2, 4, 8, a tsaya a 30, kuma a gauraya da ɗan lokacin da ya bambanta ga kowa, don kada mutum 300 su afka wa saba a daƙiƙa ɗaya bayan ta tashi. Ka saurari `online` da `visibilitychange` ma, domin burauzar waya tana rage gudun agogon shafin da aka tura baya, wani lokaci ta daskarar da shi gaba ɗaya. Da mutum ya dawo shafin, a duba layi a nemo giɓi nan take.

Injiniya Hadiza: Kan neman giɓin akwai wani ɗan tsere da ake mantawa. In ka fara ɗauko tarihi sannan ka shiga ɗaki, saƙon da ya faɗo tsakanin biyun ya ɓata. Shiga ɗaki tukuna, tara abin da ke zuwa a gefe, ɗauko tarihi, sannan ka haɗe su bisa lambar jeri ka zubar da maimaici.

Ɗaya fuskar matsalar ita ce saƙo ya fita sau biyu. Mutum ya aika, saba ta rubuta, amsar ta ɓace a hanya, shafin ya sake aikawa. Maganinsa burauza ta ƙirƙiri shaida ga kowane saƙo kafin ya tafi, da `crypto.randomUUID()`, wanda sai a kan HTTPS yake samuwa. A tebur ka sa `UNIQUE (sender_id, client_id)`. In shaidar ta maimaitu, a janye tiransakshan don ƙidayar ɗaki kada ta hau a banza, a mayar masa da lambar saƙon farko. A allo kuwa saƙon ya bayyana nan take da alamar jira, sai amsa ta zo alamar ta canza. Waɗanda ba su tafi ba a ajiye su a IndexedDB, ma'ajin cikin burauza, don kada rufe shafi ya cinye abin da mutum ya rubuta.

Malam Kabiru: Ba wanda ya taɓo tsaro, kuma zauren hira wuri ne da baƙo ke rubuta abin da zai bayyana a allon wasu.

Burauza ba ta barin a sa heda ta musamman a WebSocket, don haka ba hanyar `Authorization`. Ko ka dogara da kuki, ko ka karɓi tikiti mai gajeren rai ta HTTP, na daƙiƙa 30 mai amfani sau ɗaya, ka miƙa shi wajen buɗe layi. Kada ka sa dogon tokin a adireshi, yana zama a log na Nginx. In kuki ka zaɓa, wajibi ne saba ta duba hedar `Origin`, domin CORS, dokar burauza kan buƙatu tsakanin shafuka daban-daban, ba ta hana wani shafi buɗe WebSocket zuwa sabarka. Mutum ya shiga shafin mugu, shafin ya buɗe layi da kukinsa, ya karanta hirarsa. `SameSite=Lax` na taimakawa, amma duba `Origin` layi uku ne na kod, a yi shi.

Sunan mai aikawa daga zaman da aka tantance ake ɗaukarsa, ba daga abin da burauza ta rubuto ba. Izinin ɗaki a duba shi a kowane saƙo, kuma wanda aka kora a yanke layinsa a lokacin, don tantancewar farko ba ta ƙarewa da kanta. Wajen nunawa, `textContent` ba `innerHTML` ba. Girman saƙo: laburaren `ws` yana karɓar har 100MiB in ba ka taɓa `maxPayload` ba, ka saukar da shi zuwa 16KB ko ƙasa. Hoto da murya su bi ta HTTP, adireshinsu kawai ya bi layin hira. Iyakar gudu kuma a ɗaura ta kan asusu, misali saƙo 5 a daƙiƙa 5. Kada a ɗaura kan IP, domin kamfanonin waya suna fitar da mutane da yawa ta adireshi guda, sai ka toshe mutanen da ba su yi laifi ba.

Sadiq: Ƙari kan na Malam Kabiru, ga mai zauren da za a rubuta Hausa. Rubutunmu cike yake da alamar ɗauri: 'ya'ya, 'yan, sana'a, jama'a. Duk kod ɗin da ke manna rubutu kai tsaye cikin SQL zai fashe a saƙon farko mai irin wannan kalma, kuma ƙofar da ɓarawo ke bi kenan. A yi amfani da `$1`, `$2`, a miƙa rubutun daban. Masu MySQL kuma su duba teburinsu: `latin1` yana mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya, tsohon `utf8` yana ɗaukarsu amma ya ƙi emoji saboda bayit huɗu ne. `utf8mb4` ake so, a tebur da kuma wajen haɗi.

Mubarak: Redis fa? Ko'ina na duba sai in ga an ambace shi.

Malam Bashir: Redis ma'ajin bayanai ne mai aiki a ƙwaƙwalwa, kuma ba ka buƙatarsa yau. Node guda ɗaya yana riƙe dubban layukan da ba su da hayaniya a 2GB, ɗakunanka kuma `Map` ce a ƙwaƙwalwa. Buƙatarsa na tasowa ranar da ka kunna Node na biyu, don mai layi a na farko ba zai ji abin da aka watsa a na biyu ba. A nan kowane Node zai wallafa saƙo a tashar ɗaki, sauran su ji su miƙa wa nasu mutanen. Pub/Sub na Redis ba ya ajiye komai, wanda ba ya saurare a lokacin ya rasa, amma tunda kana da lambar jeri giɓin zai cike daga rumbu. Kai da ke da PostgreSQL ma kana iya farawa da `LISTEN` da `NOTIFY`. Abin da yake ɗauka bai kai bayit 8000 ba, don haka aika lambar ɗaki da lambar jeri kawai. Sai dai mai saurare yana buƙatar layinsa na kansa zuwa rumbu, ba zai yi aiki ta PgBouncer, mai rarraba layukan rumbu, a yanayin tiransakshan ba.

Abin da zai fi cin sabarka kafin saƙonni shi ne nuna wanda ke kan layi. A ɗaki mai mutum 300, shigar mutum ɗaya saƙo 300 ne, fitarsa wasu 300, kuma mai raunin sabis yana iya yin haka sau da yawa a minti. Jira daƙiƙa 15 kafin ka sanar cewa ya fita, ƙidaya layukansa don mai shafi biyu kada ya ɓace in ya rufe ɗaya, alamar "yana rubutu" kuma sau ɗaya a daƙiƙa 3, ba a rubuta ta a rumbu.

Yaya Ummi: Akwai kuma mai jinkirin karɓa. Wayar da sabis ɗinta ya yi rauni ba ta kwashe abin da kake turo mata, sai ya taru a ƙwaƙwalwar Node. Duba `bufferedAmount` kafin aikawa, in ya haura 1MB yanke layin, zai dawo ya cike giɓinsa daga rumbu.

Kafin ka saki aikin, Mubarak, gwada shi da waya ta gaske. Buɗe ɗaki ɗaya a waya da kwamfuta. Sa wayar a yanayin jirgi, aika saƙo biyar daga kwamfuta, rubuta biyu a wayar, jira minti uku, cire yanayin jirgi. Ya kamata duka bakwai su bayyana a allon biyu, jeri ɗaya, ba maimaici. Maimaita gwajin kana sake kunna Node a tsakiya. Wajen sake kunnawar, kama siginar `SIGTERM`, daina karɓar sabbin layuka, bari rubutun da ke hanya ya tabbata, sannan ka rufe sauran da lamba 1001 don burauza ta san ta sake haɗawa ba tare da jiran daƙiƙa 45 ba.

Mubarak: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan fara da ƙidayar ɗaki da shaidar saƙo tun ina kan tsohon tsarin, sannan in sauya layin. Tambaya ta ƙarshe: in mutum ya rufe burauza gaba ɗaya, akwai yadda saƙo zai same shi?

Malam Kabiru: Ba ta WebSocket ko SSE ba, su sun mutu da shafin. Wannan aikin Web Push ne, da service worker, kod ɗin da burauza ke gudanarwa ko an rufe shafi, da mabuɗan VAPID na tantance sabarka. A Android yana aiki a Chrome da Firefox. A iPhone sai daga iOS 16.4 na 2023, kuma sai mutum ya ƙara shafin a fuskar wayarsa tukuna. Aika sanarwar ne kawai ga wanda ba shi da layi a buɗe, kuma in sabar sanarwar ta amsa da 404 ko 410, goge wannan rajistar daga tebur, ta daina aiki.